Na shiga zauren baje kolin kwalejinmu ban gane komai ba

Tambaya: Ni ɗalibi ne a sashen haɗa magunguna. Akwai zauren baje kolin fasaha a kwalejinmu, kowane zangon karatu ana sauya abin da ke ciki. Makon jiya na leƙa. Abin da na tarar shi ne tarin tsofaffin takalma a tsakar ɗaki, da majigi yana haska wata mata tana ta tafiya ba ta isa ko'ina ba, da wani bango da aka cika da layukan fensir. Ban ga abu ɗaya da zan ce mai shi ya iya zane ba. Wai wannan fasaha ce ko raina mana hankali ake yi? Wa yake zaɓar waɗannan abubuwa, kuma me ya kai makaranta kashe kuɗi a kansu?

Amsa:

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, domin da yawa daga abokan karatunka za su gama makarantar nan ba su taɓa tura ƙofar zauren ba. Na daɗe ina shirya baje koli a zauren wata kwaleji, kuma tambayarka ba baƙuwata ba ce. Ɗalibai sun yi mini ita, masu gadi sun yi mini ita, har wani babban jami'in kuɗi na makaranta ya taɓa yi mini ita, ko da yake shi ba don neman ƙarin sani ya yi ba.

Bari in fara da abin da abokan aikina ba su cika son faɗa ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai wani daga cikin ukun da ka gani bai yi kyau ba. Ba duk abin da aka haska wa fitila aka manna wa takarda a gefe ne ya cancanci lokacinka ba. Sai dai rashin kyan aiki daban, raini daban. A tsawon shekarun da na yi ban taɓa gamuwa da mai fasahar da ya kwashe wata shida yana tara tsofaffin takalma, yana gogewa, yana jerawa, don kawai ya yi wa ɗalibin haɗa magunguna dariya ba. Na dai gamu da masu yawa da suka gwada abu bai ci ba. Kai kuwa ka fi ni sanin wannan. Gwaji nawa ake yi a ɗakin bincikenku kafin ɗaya ya ba da abin da ake nema? Ba wanda ke cewa a garƙame ɗakin don an zubar da kwalba goma a rariya. Zauren baje kolin kwaleji ɗan'uwan ɗakin gwajinku ne, kuma duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya taso.

Akwai wata 'yar matsalar harshe da ke ƙara rikita mutane. Idan muka ce "fasahar zamani" mukan zuba abu biyu a buhu ɗaya, alhali masana tarihin fasaha sun raba su. Akwai wadda ta faro a Turai wajen shekarun 1860 ta kai kusan shekarun 1960, zamanin su Monet da Matisse da Picasso. Masu ita sun kwanta dama, ayyukansu sun zama kayan tarihi. Akwai kuma ta yanzu, wadda galibin masu yin ta suna raye, har ɗayansu yana iya shigowa ya same ka tsaye kana harara. Wannan ta biyun ka gani. Ta farkon lokaci ya riga ya sheƙe ta, ƙaiƙayi ya bi iska, tsaba ta zauna. Ta biyun ba a sheƙe ta ba tukuna, shi ya sa dole ka tarar da ƙaiƙayi a ciki.

To, batun "ya iya zane". Na ɗaruruwan shekaru babban aikin mai zane shi ne ya kama kamannin abu, ya sa fuska ta zauna a kan ƙyalle kamar za ta yi magana. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa, kuma sannu a hankali na'ura ta karɓe wannan aikin, ta fi sauri, ta fi araha. Sai masu zane suka shiga tambayar kansu: in ba kama kamanni ba, me ya rage mana? Amsa mafi tsauri ita ce ta Marcel Duchamp. A 1917 ya ɗauki kwanon fitsari irin na banɗaki, wanda masana'anta ta ƙera, aka sa masa hannu da sunan "R. Mutt", aka aika shi wani baje koli a New York da masu shirya shi suka yi alkawarin karɓar duk abin da aka kawo. Suka ƙi nuna shi. Asalin kwanon ma ya ɓata, sai hoton da Alfred Stieglitz ya ɗauka. Amma tambayar da ya jefa ba ta ɓata ba: shin fasaha a hannu take, ko a zaɓi da tunani? Ba dole ka yarda da amsarsa ba. Ni kaina rabin yarda na yi. Amma ka sani duk wanda ya tara takalma a tsakar zaure yana sane da wannan gardama, a cikinta aka horar da shi, kuma sau da yawa in ka ba shi fensir zai zana maka fuskarka tsaf, domin ya yi shekaru a ajin koyon zane kafin ya zaɓi ajiye shi.

Bangon fensir ɗin nan ya tuna mini da Sol LeWitt, Ba'amurken da ya rasu a 2007. Tun daga 1968 ya fara zane kai tsaye a jikin bango, daga baya ya koma rubuta umarni kawai: a ja layi kaza, daga kusurwa kaza zuwa wuri kaza, da irin fensir kaza. Wasu ne suke zanawa. In baje koli ya ƙare a shafe bangon da fenti, aikin kuma bai mutu ba, tunda umarnin yana nan, gobe za a iya sake shi a wani gari. Ka ga kamar takardar haɗa magani ce: mai rubutawa daban, mai haɗawa daban, kuma in mai haɗawa ya yi sakaci abin ya lalace. A 2008 aka buɗe nunin zanen bangonsa guda 105 a wani gidan fasaha da ake kira MASS MoCA a jihar Massachusetts, da haɗin gwiwar gidan fasahar Jami'ar Yale da na Kwalejin Williams, kuma ɗalibai suna cikin waɗanda suka yi watanni a kan tsani suna jan layukan. Ban ce bangon kwalejinku ya kai wannan ba. Na ce ka koma ka duba ko layukan suna bin wata doka, ka gwada gano ta, ka ga inda hannun ɗan Adam ya karkace duk da dokar.

Tarin kaya a ƙasa kuwa, misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Felix Gonzalez-Torres na 1991. Tarin alewa ne a kusurwar ɗaki, nauyinsa kusan kilo 79, kuma an yarda kowa ya ɗauki ɗaya. In ka tsaya a nan za ka ce wasan yara ne. Amma sunan aikin yana ɗauke da sunan Ross, abokin zamansa wanda cutar ƙanjamau ta kashe a wannan shekarar, kuma akasarin masu sharhi suna ɗaukar nauyin a matsayin nauyin jikin Ross yana da lafiya. Kowane mai kallo ya ɗauki ɗaya, tarin yana ramewa a gaban idonka, kai ma kana cikin masu rage shi, sannan ma'aikata su sake cikawa. Babu fentin da zai iya yin wannan, domin hoton mai jinya kallonsa kawai kake yi, wannan kuwa da hannunka a ciki. Bidiyon matar nan ma haka: mai yiwuwa an ɗinke ƙarshensa da farkonsa, lokaci ne kayan aikinsa kamar yadda fenti yake ga wani. Irin wannan ba sabon abu ba ne, tun 1963 Nam June Paik ya baje akwatunan talabijin a wani zaure a Wuppertal ta Jamus.

Yanzu ga tambayarka ta kuɗi. Alaƙar makaranta da gidan fasaha tsohuwa ce. Gidan Ashmolean na Jami'ar Oxford ya buɗe a 1683. Na Jami'ar Yale ya faro a 1832 da zanen John Trumbull. Da fari ajiya ake yi don ɗalibai su ga abin da littafi ke bayani, gani ya kori ji. Daga baya sai wasu makarantu suka gane suna da wata dama da babu mai ita. Ka duba masu nuna fasaha gida uku ne. Ɗan kasuwa mai zauren sayarwa dole ya rataye abin da zai sayu, in ba haka ba ya rufe. Babban gidan tarihi dole ya kawo sunan da zai ja dubban masu sayen tikiti, kuma yakan tsara jadawalinsa shekara uku ko fiye kafin lokaci. Zauren kwaleji kuwa ba ya sayarwa, akasari ba ya karɓar kuɗin shiga, kuma albashin ma'aikatansa bai rataya a kan yawan masu leƙowa ba. Don haka shi ne yake iya ba wa wanda ba a sani ba ɗaki sukutum ya gwada abin da zai iya faɗuwa.

Wannan damar ta sha haifar da ɗa mai ido. A 1941 Katherine Dreier da Duchamp ɗin nan suka miƙa wa Yale tarin ayyukan da suka tattara tun 1920, lokacin da mutane da yawa ke kallon irinsu a matsayin shirme. Jami'ar Pennsylvania ta kafa cibiyar fasahar yanzu a 1963, kuma a 1965 ita ce ta fara ba Andy Warhol nuni nasa shi kaɗai a matakin gidan tarihi. Cunkoson da ake hange ya sa aka sauke zanen daga bango gudun a lalata su, jama'a suka cika ɗaki suna kallon mai zanen maimakon zanensa. A Gana, sashen zane da sassaƙa na Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi ya zama wurin da malamai da ɗalibai suke fitar da baje kolin ƙarshen shekara daga harabar makaranta zuwa gine-ginen cikin gari. Daga can Ibrahim Mahama ya fito, wanda a 2015 ya lulluɓe dogayen bangaye da tsofaffin buhuna da aka ɗinke a babban baje kolin Venice, taron da ake yi tun 1895. Waɗanda suka ga buhunansa na farko yana ɗalibi, na tabbata a cikinsu akwai mai irin tambayarka.

Wa yake zaɓa? A nan zan ɗan daɗe, domin mutane suna zaton wani ne yake tashi da safe ya ce yau takalma. Yawancin zaurukan kwaleji suna da shugaba ko mai tsara baje koli guda ɗaya, wani lokaci malami ne da aka rage wa darussa, da kwamitin ba da shawara daga sashen fasaha, a wasu wurare har da malaman wasu sassan da wakilin ɗalibai. Shekara takan ɗauki nuni huɗu zuwa shida, kuma wasu gurabun an riga an cike su tun ran gini tun ran zane. Ƙarshen shekarar karatu na ɗaliban da za su kammala ne, domin baje kolin nan jarrabawarsu ce, ana ba su maki a kai. Lokaci-lokaci akwai na malamai. Sauran gurabun su ne na baƙi: ko dai a yi shela masu fasaha su turo hotunan ayyukansu da bayanin abin da suke son yi, kwamiti ya zauna ya tace, ko kuma mai tsarawa ya je ɗakin aikin mutum da kansa, ya zauna, ya kalla, ya yi tambayoyi, sannan ya gayyace shi. Tambayar da nake yi wa kaina ba ta tsaya a "yana da kyau?" ba. Nakan ƙara da: wane malami ne zai iya kawo ajinsa nan ya yi darasi? Me ɗalibanmu ba su taɓa gani ba? Zai shiga ta ƙofarmu kuwa? Kada ka yi dariya, na taɓa amincewa da wani aikin sassaƙa ba tare da na auna faɗin ƙofa ba, aka kwana ana kwance ƙyaure.

Akwai kuma wani sirri da ba a rubutawa a takardar gayyata, wanda shi ne rabin amsar abin da ya sa ka ga bidiyo da tarin kaya maimakon manyan zanen fenti. Aron aiki mai daraja daga wani gidan tarihi jidali ne. Kafin su ba ka sai ka cika musu takardar bayanin gininka: tsaro, na'urar kashe gobara, zafi, laima. Abin da aka saba nema shi ne zafin ɗaki ya tsaya wajen digiri 20 a ma'aunin Salsiyos, laimar iska kuma tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, dare da rana, ba hawa da sauka. Haske ma da awonsa: abin da aka yi a takarda ko ƙyalle mai rini ba a so hasken da ke kansa ya wuce luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), zanen fentin mai kuwa kusan luks 200, domin ɓarnar haske taruwa take yi kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa zanen takarda ake nuna shi kamar wata uku a mayar da shi duhu ya huta. Ga inshora daga lokacin da aka cire shi a ƙusar mai shi har ya koma, ga akwatin katako da ake ƙera masa daidai jikinsa, ga rahoton lafiyar aiki da ake rubutawa ranar isowa da ranar tafiya, ana ƙirga kowane tsagu da kowane tabo. Ƙaramar kwaleji ba ta da wannan ƙarfin. Abin da take da shi shi ne fili, da lokaci, da ɗalibai masu hannu. Sai ta gayyaci mai fasaha mai rai ya zo ya gina aikinsa a wurin, ko ya turo bidiyo ta intanet. Wato wani ɓangare na abin da ka ɗauka salo ne, talauci ne da aka yi wa dabara.

Ni na koyi darasin laima da tsada. Wata shekara na karɓi aron zane-zanen takarda daga hannun wata mai fasaha, aka tafi hutu, sashen kula da gine-gine ya kashe na'urar sanyaya ɗaki don tsimin wuta ba tare da an sanar da ni ba. Da muka dawo takardun sun yi tudu da kwari a cikin firam kamar an jiƙa su. Ba wanda ya yi da mugun nufi, a wurinsu zauren ɗaki ne kamar sauran azuzuwa. Kiran wayar da na yi wa matar nan har yau in na tuna sai cikina ya ɗuri ruwa.

Wannan ya kawo ni ga raunin zauren kwaleji, domin kada in zuga maka shi fiye da ƙima. 'Yancinsa aro ne daga hukumar makaranta, kuma mai aro ba ya musu da mai kaya. A watan Janairun 2009, cikin matsin tattalin arzikin duniya, kwamitin amintattun Jami'ar Brandeis ya yanke shawarar rufe gidan fasaharta na Rose da sayar da abin da ke ciki. Aka yi ca, aka je kotu, sai a 2011 aka sasanta ba a sayar ba. Abin mamaki, wannan gidan da aka so rufewa yana cikin waɗanda suka gabatar da mai zane Mark Bradford a matsayin wakilin Amurka a Venice a 2017. Wasu ba su tsira haka ba. Jami'ar Fisk, wadda mai zane Georgia O'Keeffe ta ba ayyuka 101 a 1949, ta yi shekaru a kotu kafin a 2012 ta sayar da rabin mallakarsu, yanzu karɓa-karɓa ake yi tsakaninta da wani gidan tarihi a Arkansas. Kwalejin Randolph kuwa a 2014 ta sayar wa babban gidan zane na Landan wani zanen George Bellows da ɗalibai da mutanen gari suka yi karo-karo suka saya tun 1920. Ga kuma rikicin abin da ya halatta a nuna. Nunin hotunan Robert Mapplethorpe da cibiyar Pennsylvania ta shirya a 1988, wanda wasu hotunansa ke nuna tsiraici ƙarara, ya tayar da ƙura har majalisar dokokin Amurka, wani gida a Washington ya fasa karɓarsa a 1989, aka kuma gurfanar da shugaban wani gida a Cincinnati a 1990, kotu ta wanke shi. Ra'ayina a nan shi ne makaranta wurin gardama ce, amma gardama ba kwanton ɓauna ba ce. In akwai abin da zai sosa wa wasu rai, a rubuta a bakin ƙofa, a tsara ɗakin yadda ba wanda zai faɗa ciki ba shiri, sannan mai tsarawa ya fito ya zauna gaban masu ƙorafi ya kare zaɓinsa da bakinsa.

Kuma tunda ana faɗar laifi, ga namu. Takardun bayanin da muke mannawa a bango sau da yawa su ne suke korar mutane. Sai ka ga an jera kalmomi masu nauyi, jimla ɗaya ta ci layi biyar, ka gama karantawa ka fi da ruɗewa. Wanda ya rubuta abokan karatunsa yake yi wa, ba kai ba. Bayani mai kyau gajere ne: da me aka yi, yaushe, me ya kamata ka sani wanda ido ba zai ba ka ba. In ka karanta sau biyu ba ka gane ba, laifin marubucin ne, ka bar takardar ka koma kan aikin.

Me ɗalibin haɗa magunguna zai tsinta a ciki? Kallo. Kana zaton ka iya, amma lissafi ya nuna akasin haka ga yawancinmu. Wani bincike da aka yi a gidan tarihi na Metropolitan a New York, aka wallafa a 2001, ya gano matsakaicin lokacin da mai ziyara yake tsayawa gaban shahararren zane kusan sakan 27 ne. A Yale, wani likitan fata, Irwin Braverman, ya lura ɗalibansa suna saurin sanya wa ciwo suna kafin su gama kallonsa. Sai ya riƙa kai su gidan zanen Birtaniya na jami'ar, a tsayar da kowa gaban zanen da bai sani ba, ya bayyana abin da yake gani dalla-dalla kafin ya fassara. Sakamakon da suka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2001 ya nuna waɗanda suka yi wannan horon sun fi lura da abin da ke jikin hotunan marasa lafiya, kuma makarantun likitanci da dama sun kwaikwaya. Wata malamar tarihin fasaha a Harvard, Jennifer Roberts, takan sa ɗalibanta su zauna gaban zane ɗaya awa uku cur kafin su buɗe littafi a kansa. Ban ce ka yi awa uku ba. Amma abin da ba ka gane ba ya fi abin da ka gane amfani a wannan horon, domin hoton da ka gane nan take ƙwaƙwalwarka suna take ba shi ta wuce, wanda ya gagare ka kuwa dole ido ya yi aiki.

Ga yadda nake so ka koma. Ka zaɓi abu ɗaya cikin ukun, ka bar sauran. Kada ka karanta takardar bango tukuna. Ka ba shi minti goma da agogo, za ka ji sun yi tsawo. Akwai tambayoyi uku da Abigail Housen da Philip Yenawine suka tsara don koyar da kallo, kuma ban ga abin da ya fi su sauƙi ba: me ke faruwa a nan, me ka gani da ya sa ka ce haka, me kuma za ka iya ƙara ganowa. Ta tsakiyar ita ce mai aiki, domin tana hana ka faɗin ra'ayi ba hujja. Bayan nan ka karanta bayanin, ka sake kallo. Sannan ka yi hukunci, kuma kana da cikakken ikon yinsa, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne wannan: in minti na goma ya ba ni abin da minti na farko bai ba ni ba, aikin yana da ciki. In kuwa bayan na karanta bayanin na ga da takardar kaɗai aka ba ni da ban yi asarar komai ba, to kayan da aka tara banza ne, tunani ne da bai sami jiki ba. Irin wannan na biyun yana da yawa, na ma taɓa rataye shi da hannuna.

Akwai abin da za ka samu a zauren kwaleji wanda ba za ka samu a manyan gidaje ba: mutanen. Kusan kowane nuni yana da ranar da mai aikin yake zuwa ya yi magana, kuma ɗakin sau da yawa rabinsa kujeru ne ba kowa. Ka je ka yi masa tambayar da ka yi mini, a yadda ka yi ta. Na kirki daga cikinsu sun fi jin daɗin irinta a kan yabon da suka saba ji. Ka tambaya kuma ko zaurenku yana ba da aron ayyuka. A Kwalejin Oberlin ta jihar Ohio tun 1940 ake ba ɗalibai aron ayyuka na asali, har da na manyan sunaye, su rataye a ɗakin kwanansu zango guda, kuma layin karɓa wasu kwana suke yi a kai. Dalilinsu shi ne zama da abu wata huɗu yana koya maka abin da leƙe ba zai koya ba. Mafi kyau duka, ka nemi mai kula da zauren ka ce kana son taimakawa a makon hawa da saukar kaya. Kullum hannu ake nema. Ranar da ka riƙe igiyar awo ana neman tsakiyar zane ta zauna wajen santimita 150 daga ƙasa, kana jin mutum biyu suna gardamar minti ashirin a kan a matsar da fitila taki ɗaya, za ka ga yawan shawarar da ke ɓoye a cikin ɗakin da ka ɗauka an watsa kaya ne kawai.

Takalman nan kuwa, in ka koma, ka tsuguna. Ka duba ko ƙafa bibbiyu ne ko wari-wari. Na manya ne kaɗai ko da na yara a ciki. Dunduniyarsu ta wane gefe ta cinye, bakinsu ƙofa yake kallo ko bango, an ɗaure igiyoyinsu ko a kwance suke. In ka ƙirga su, ka ga ko adadin ya yi daidai da wani abu da aka ambata a takardar. Sannan ka rubuto mini abin da ka gani, domin ni ban ga tarin ba, kai ka gan shi.